Dankalin Bokkos a bakin bodar Jibiya: yadda rufe iyaka sau biyu ya taɓa wata 'yar kasuwa a Jos

Asalin lamarin, kafin 2019

Matar da zan ba da labarinta ƙanwar mahaifina ce, don haka Goggo kawai zan riƙa ce mata, ba zan kama suna ba. Ni nake riƙe mata littafin lissafi tun 2017 da na gama makaranta aiki bai samu ba, shi ya sa kwanaki da adadin buhunan da za ku gani a nan daga littafin na kwaso su, ba daga ka ba.

Goggo dillaliyar dankalin turawa ce a kasuwar Farin Gada a Jos. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar da rumfa ɗaya da lambobin wayar abokan cinikinsa. Ita ba ta noma, sarowa take yi daga hannun manoma a Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, yawancinsu mata, 'yan Ron da Mwaghavul da Birom, kuma duk cinikin da Hausa ake yin sa. Ga wanda bai san harkar ba, dankalin turawa sanyi yake so, shi ya sa mafi yawan wanda ake ci a Najeriya daga tudun Filato yake fitowa. Na damina ana shuka shi wajen Afrilu zuwa Mayu, a fara haƙa daga Yuli, in Agusta ta shigo kuwa kasuwa ta cika ta batse, kowa na neman wanda zai karɓa, farashi ya faɗi warwas.

Wannan cikar ta Agusta ce ta haɗa gidanmu da Maraɗi. Mutanen Nijar suna noma nasu a wajen Agadas da Bonkuku amma lokacin sanyi ne, da damina babu, sai na Jos. Akwai wani Alhaji a Maraɗi da marigayin yake hulɗa da shi tun da daɗewa, Goggo ta gaji cinikin. Ba ta da ƙarfin cika mota, sai ta saka buhu 50 ko 60 a motar wani babban dillali a biya kuɗin mota a kan kowane buhu. Mota ta tashi Jos ta bi Saminaka ta ratsa dajin Falgore zuwa Kano, daga nan Katsina, Jibiya, Magama, a tsallaka Ɗan Isa, sai Maraɗi. In hanya ta yi kyau kwana biyu. Alhaji ba ya biya nan take, sai ya sayar, wani lokacin ma maimakon kuɗi ya aiko da aya ko albasa Goggo ta sayar a Jos, riba biyu kenan.

A lokacin da za ka tambaye ta mece ce ECOWAS, cewa za ta yi sojojin da aka kai Laberiya. Abin da ta sani dai shi ne ta je Maraɗi sau uku ba wanda ya tambaye ta biza. Ba ta san cewa hakan ya samo asali daga yarjejeniyar kafa wannan ƙungiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma da aka sa wa hannu a Legas ranar 28 ga Mayu 1975 ba, wadda ɗan jiharmu Yakubu Gowon da Eyadema na Togo suka yi wa fafutuka, ko kuma ta 1979 da ta ce ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar zai shiga wata ya zauna har kwana 90 babu biza. Ni ma ɗin da na yi boko ban sani ba sai daga baya.

Agusta 2019: rufewar farko

Ranar 20 ga Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta fara rufe iyakokin ƙasa. Dalilin da aka bayar shi ne shinkafar waje da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, da fetur da ake fitarwa, da makamai. A Farin Gada labarin da ya zo mana shi ne wai abin na Seme ne da masu shinkafa, ba ruwan mai dankali. Don haka ranar 21 aka yi lodi kamar kullum, Goggo na da buhu 60 a ciki.

Ranar 23 direba ya kira daga Magama ya ce Hajiya babu wucewa, motoci sun yi layi. Mai motar ya ce a jira, ai ba za a kwana biyu ba za a buɗe. Aka jira kwana huɗu. Dankali ba wake ba ne, ɗan tudu ne da aka sauko da shi cikin zafi aka lulluɓe da tamfol ga ruwan sama ga rana, ƙwaya ɗaya in ta ruɓe a tsakiyar buhu sai ta ja na kusa da ita. Da aka haƙura aka juyo Katsina aka zazzage, buhu 22 sun tafi bola, sauran 38 aka sayar ƙasa da yadda aka saro su. Ga kuɗin lodi biyu na baya suna hannun Alhaji, ya riga ya mayar da su aya, ayar kuma tana can ba ta da hanyar shigowa.

Wani abin da na lura da shi daga baya da nake haɗa kwanakin: ranar 7 ga Yuli 2019 Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta Afirka, kuma a Yamai aka yi, babban birnin ƙasar da dankalin zai shiga. Sati shida tsakanin sa hannun da rufe bodar.

Satumba 2019 zuwa ƙarshen 2020: abubuwan da aka gwada

Farko 'yan fito aka nema. A sauke kaya a wani ƙauye kafin Jibiya, 'yan babur su ɗauki buhu biyu-biyu su bi daji cikin dare. An yi haka sau uku. Kuɗin tsallakar da buhu ɗaya ya kusa kai kuɗin kawo shi tun daga Jos, kuma dankalin da ya sha jijjiga a bayan babur ya isa duk ya ƙuje, Alhaji ya ce ba ya kwana uku a rumfa. A karo na uku aka kama babura huɗu, buhu takwas suka tafi, ba wanda za ka kai wa ƙara tunda kai ma ka san ba a kan daidai kake ba. A Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai 'yan babur ɗin suka ƙara kuɗi. Goggo ta ce ta yafe.

Sai aka juya kudu, Mile 12 a Legas. Can akwai kasuwa sosai amma tana da masu ita, manyan dillalai da suka shekara ashirin suna kai tirela-tirela, kuma duk wanda boda ta koro can ya nufa, kaya suka yi yawa. An kai sau biyu, na farko aka tashi babu riba babu faɗuwa, na biyu wanda ya karɓa bashi ya biya rabi ya daina ɗaga waya.

An gwada ajiya ma. Ta kama ɗaki ta jibge buhu 40 da niyyar sai Nuwamba in ya yi tsada. Ɗakin rufin kwano ne babu iska, kuma dankalin sabon haƙa ne fatarsa ba ta yi ƙwari ba, kafin sati biyar rabi ya tsiro rabi ya yi ruwa.

Shugabannin 'yan dankali sun rubuta takardar koke, ni na buga ta a kwamfuta, an kai inda ya kamata, ba mu ji komai ba. Mun dai ji a rediyo cewa wakilan Najeriya da Nijar da Benin sun zauna a Abuja a Nuwamba 2019 kan maganar bodar, aka tashi ba a buɗe ba. Sai ga korona a 2020, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, a takarda an ce motar abinci ta wuce amma shingaye suka ninka kuma kowane shinge da bakinsa. Zuwa Disamba 2020 jarin Goggo da a da yake sayen buhu 120 a lokaci ɗaya ya koma ba ya wuce 35. Ta sayar da ɗan filin da ta saya, ta cire yara biyu daga makarantar kuɗi.

Disamba 2020 zuwa Afrilu 2022: an buɗe, amma ba ƙofarmu ba

Ranar 16 ga Disamba 2020 aka sanar da buɗe iyakoki huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Babu Jibiya a ciki, ita sai Afrilu 2022 aka buɗe ta tare da Kamba da Idiroko da Ikom. Toh mai son kai kaya Maraɗi a bisa ƙa'ida sai ya bi Kano, Gumel, Maigatari, ya haura Damagaram sannan ya yi yamma ya dawo Maraɗi, zagayen da ya ƙara kwana guda cur da kuɗin mai. Manyan dillalan da Goggo take raɓawa a motarsu suka ce ba su da wurin ƙananan kaya, kowa ya yi ta kansa.

A nan ne adashin su Goggo ya juye ya zama wani abu daban. Su 14 ne suke zubi duk sati, tara 'yan kasuwa, biyar manoma daga Bokkos da Mangu. A Maris 2021 wata Mama daga cikin manoman, wadda ta fi kowa shekaru, ta ce tunda babu mai iya cika mota ita kaɗai me zai hana a haɗa a cika ɗaya, kowa da alamar fenti a buhunta. An yi gardama sosai, wallahi har da kuka, domin wanda ya san Jos ya san abin da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka bari a zukatan mutane, ba ƙaramin abu ba ne Bahaushiya ta ɗauki kuɗinta ta haɗa da na matar ƙauyen Bokkos a damƙa wa direba ɗaya. Abin da ya raba gardamar littafi ne, aka ce komai a rubuta, a karanta a gaban kowa ranar zubi, kuma ma'aji biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Ni aka ba rubutun.

Alhaji ya haɗa su da wani ɗan'uwansa a Damagaram don kada a yi zagayen. Daminar 2021 aka kai mota uku ta Maigatari, kowace buhu 250 zuwa 280. An samu riba amma siririya, saboda kuɗin hanya. Abin da nake nufi da kuɗin hanya shi ne duk abin da aka miƙa ta taga babu rasit, da wani dunƙulallen kuɗi da wani ɗan kamasho a bakin boda yake karɓa ya ce na fitar da kaya ne da na shigar da su, mu kuma ba mu taɓa tambayar na mene ne ba.

2022: takardu

Wani maƙwabcinmu dattijo da ya yi aikin boda ya yi ritaya shi ya buɗe mana ido, wata rana bayan la'asar ina lissafi a ƙofar gida ya leƙa littafin ya ce yaro wannan kuɗin na mene ne. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce ai ɗanyen amfanin gona da aka noma a ƙasar ECOWAS ba a biya masa harajin shigo da kaya a wata ƙasar ECOWAS, tsarin yana nan tun 1979, kayan masana'anta ne aka shigar da su daga baya a 1990 kuma su ne suke buƙatar rajista da takardar shaidar asalin kaya, amma amfanin gona da dabbobi da aikin hannu an ɗauke musu wannan takardar. Abin da ake nema a wurinku, in ji shi, takardar lafiyar tsirrai ce daga masu duba amfanin gona, da takardun mota, da inshorar ECOWAS ta mota da ake kira Brown Card, da shaidar ku su wane ne.

Wata biyar muka yi muna haɗa waɗannan. Aka yi wa ƙungiya rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, aka buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku. Nan muka gano mata shida cikin 14 ba su da lambar NIN, huɗu kuma layin wayarsu da sunan miji ko ɗa aka yi rajistarsa. Goggo da wata ɗaya suka yi takardar tafiya ta ECOWAS. Dokar kanta da muka samo a intanet da Turanci take da Faransanci, domin harsunan aikin ƙungiyar Turanci ne da Faransanci da Fotugis, alhali daga Farin Gada har kasuwar Maraɗi ba a buƙatar ko ɗaya daga cikinsu wajen ciniki. Na zauna da dattijon muka juya sashen da ya shafe mu zuwa Hausa a shafi ɗaya, muka haɗa da na Turanci da na Faransanci aka liƙe su a leda.

A Satumba 2022, Jibiya ta riga ta buɗe, na bi mota da kaina tare da Goggo. Na ƙirga wuraren da aka tsayar da mu daga Jos zuwa Magama, sun haura talatin. A wani shinge bayan Kano cikin dare wani mai kaki ya haska takardar da tocila ya juya ta gaba da baya ya ce, "Hajiya, ai takarda ba ta shan shayi." Goggo ta ce, "Ranka ya daɗe gaskiya ne, ga na shayi, amma na takarda kam an biya a ofis." Ta miƙa masa ɗan canji, ya yi dariya ya ɗaga katako. Haka abin yake a hanya, takarda ba ta hana miƙa na goro ba, ta dai rage masa girma saboda babu abin da za a riƙe ka da shi. A bakin boda ne aka ga bambanci, dunƙulallen kuɗin nan na ɗan kamasho ya koma 'yan kuɗaɗe masu rasit. Da na haɗa lissafin daminar, kuɗin hanya a kan kowane buhu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka gwada da 2021. Shekarar ma cutar ƙunar ganye ta yi wa gonakin Filato ɓarna, kaya suka yi ƙaranci, mota biyu kawai aka iya kaiwa.

Bayan wannan tafiyar aka zauna aka kafa sharuɗɗa uku aka rubuta a bangon littafi. Mota in ta tsaya a boda awa 24 babu motsi a juyo, ba sai an nemi izinin kowa ba. Farashin da za a yi da Alhaji, da sefa za a yanke shi. Sannan daga kowane buhu a cire wani abu a zuba a asusun ko-ta-kwana.

Yuli 2023: rufewa ta biyu

2023 ta zo da nata tun farko, ƙarancin takardun naira a watannin farko, cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, sai sakin naira a Yuni ta fara gangarawa. Faɗuwar nairar ta sa kayan Najeriya suka yi arha ga mai sefa a hannu, Alhaji ya riƙa kira yana cewa Hajiya ko nawa ne a kawo. Aka shirya mota biyu a jere. Ta farko ta tsallaka ranar 25 ga Yuli. Washegari 26 sojoji suka tsare shugaban Nijar Bazoum a Yamai. Aka yi shawara ko a dakata, amma an riga an haƙe dankalin an ɗinke buhuna, ajiye shi ma asara ce, ranar 29 aka yi lodin buhu 280. Ranar 30 shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka sa takunkumi, rufe iyaka ta ƙasa da ta sama, dakatar da hulɗar kasuwanci da ta kuɗi, da wa'adin kwana bakwai. Bayan 'yan kwanaki aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar.

Motarmu ta isa Magama daren 31. Ina cikinta. Da gari ya waye na sauko na ga layin motoci iya ganina, masu siminti da masu taliya da masu katifa sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela suna dafa shayi, su kayansu ba ya ruɓewa. Wata mota a gabanmu ita ma ɗanyen kaya ta ɗauko, ruwa na ɗiga daga ƙasan bodinta, ƙudaje sun taru, warin ya isa ka gane abin da ke ciki ba sai an ɗaga tamfol ba. Yaron motarmu ya zura hannu cikin buhun da ke tsakiya ya ce Malam ya fara ɗumi. Direba ya ce a ƙara kwana ɗaya, an ce malamai za su shiga tsakani. Na kira Goggo ta ce, "Ɗana me aka rubuta a bangon littafi?" Da azahar muka juya.

An sauke buhu 100 a Katsina, sauran aka kai 'Yankaba a Kano. Buhu 40 suka lalace, 240 aka sayar, a dunƙule an faɗi amma uwar kuɗi ba ta karye ba, asusun ko-ta-kwana ya cike kuɗin mota. Malaman kuwa sun je Yamai a tsakiyar Agusta ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, kafin su Sanusi Lamido ya je, Abdulsalami da Sarkin Musulmi ma sun yi nasu zuwan, sanatocin Arewa sun ƙi maganar yaƙi, amma boda ba ta buɗe ba. Da mun bi ta direba da sai dai a share motar da shebur.

Kuɗin motar farko suka maƙale a Maraɗi, banki ba ya aikawa. Alhaji ya riƙa biya kaɗan-kaɗan ta hannun 'yan canji, ya ba wani sefa a can, ɗan'uwan wancan ya turo naira daga Kano, sai Oktoba aka gama. Jinkirin da ya kashe Goggo a 2019 wannan karon bai yi ciwo sosai ba, domin bashin da sefa yake, sefa kuma a ɗaure take da yuro, duk satin da ya wuce naira na ƙara sauka, abin da ya shigo hannu a Oktoba ya fi abin da aka lissafa a Yuli.

Shekarar ba boda kaɗai ta zo da ita ba. Tun Mayu ake kashe-kashe a ƙauyukan Mangu, a jajibirin Kirsimeti kuma aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi. Uku daga cikin manomanmu biyar suka bar gidajensu. Abin da ya rage a asusun ko-ta-kwana su aka ba suka sayi iri da taki, ba wadda ta ɗaga murya a kan haka.

Maris 2024 zuwa daminar 2025

Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ECOWAS, dama tun Satumba 2023 sun kafa tasu ƙungiyar ta Sahel. A Fabrairu Gowon, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya fito ya roƙi a ɗage takunkumin, ranar 24 ga watan aka ɗage a taron Abuja. Tinubu ya ba da umarnin buɗe boda ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren bayan kwanaki kaɗan. Wata bakwai da rabi kenan.

Ba a koma yadda ake ba. Yanzu motarmu ba ta shiga Nijar, a bakin boda ake juye kaya cikin motar Alhaji, shi ya san duwan, wato kwastan ɗinsu, da jandarmominsu, mu mun san namu. Rabin kuɗi yana shigowa kafin a yi lodi. Abin da ake kaiwa Nijar ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kayan damina, sauran Kano da Abuja da Fatakwal. Manoman sun koma yanke ganye su bar dankalin a ƙasa kamar sati biyu kafin haƙa don fata ta yi ƙwari, an kuma gina rumbu mai iska da katako a Mangu wanda yake riƙe kaya wata biyu ba tare da asara mai yawa ba. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa sai zuwa Mali da Burkina, abin bai taɓa dankali ba amma ya sa muka daina karɓar biya da kaya, kuɗi kawai.

Ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce har sai an sake sanarwa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a kuma bar kayansu a kan tsarin da ake kai. Daminar 2025 an kai mota huɗu bakin boda, duk sun wuce. Ƙungiya ta kai mutum 23. Jarin Goggo, in da buhu aka auna ba da naira ba, ya dawo wajen 110, wato shekara shida kafin ta kusa komawa inda take. Cikin 14 na farko uku sun fita, ɗaya jarinta bai tashi ba tun 2019, ɗaya mijinta ya hana a sa sunanta a takardar banki, ɗaya ta koma wajen 'ya'yanta bayan harin Bokkos.

Abin da na fahimta

A ganina yarjejeniyar gwamnatocin ba ƙarya ba ce, kuɗi ne na gaske ta mayar aljihun matan nan a 2022. Amma ta shekara arba'in da wani abu a rubuce kafin ta iso Farin Gada, kuma ba ofis ne ya kawo ta ba, dattijo ne mai ritaya da ya leƙa littafi. Mai tirela goma yana da wakili a boda da ya san dokar tun tuni. Mai buhu 60 ba a tsara komai da ita a rai ba, sai da ta haɗu da wasu 13 ta zama mota guda mai rajista da asusu sannan dokar ta gan ta. Shi ya sa nake ganin haɗuwar ce asalin abin da ya yi aiki, takardun a kanta suka hau. 'Yan fito da Legas da ajiya a ɗaki duk sun faɗi ne saboda mutum ɗaya ce take ɗaukar asarar gaba ɗaya, kuma ba ta da ƙarfin cewa a'a ga kowa.

Inda nake ganin laifin gwamnatocin shi ne sauƙin da rufewa take da shi. Shigar da ƙaramin ɗan kasuwa cikin tsarin ya ci mana wata biyar na yawon ofis, fitar da shi kuwa zama ɗaya ne a Abuja, babu sanarwar ko kwana uku ga wanda kayansa ke kan hanya, babu rangwame ga ɗanyen abinci, babu wanda ya zo daga baya ya tambayi buhu nawa aka zubar. Sau biyun nan duk a tsakiyar haƙar dankali suka faɗo, ban ce da gangan ba ne, na dai tabbata ba wanda ya duba. Jihohi bakwai ne suke iyaka da Nijar, Filato ba ta cikinsu, amma rufewar ta iso har gonar Bokkos. Ko hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da take Yamai tun 1971, ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ban ga inda aka tanadi kujerar mai buhu hamsin ba.

Abin da bai rufe ba duk tsawon lokacin shi ne tsakanin Goggo da Alhaji. Ya biya bashin 2019 da ayar da ta shekara a rumbunsa, ya biya na 2023 ta hannun 'yan canji, babu takarda ko ɗaya a tsakaninsu. Sai dai amana ita kaɗai ba ta hana buhu 22 ruɓewa ba, sharaɗin awa 24 ne ya hana na biyu zama kamar na farko.

Takardar nan mai leda tana nan a aljihun gaban mota, ta yi baƙi da maiƙo. A Maris 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Goggo da ta ji ta ce toh ko yanzu za su rubuto dokar da abin da muke ji. Ba a rubuto ba tukuna, kuma takardar tamu dogaronta a kan "har sai an sake sanarwa" yake. Ranar da za a yi lodi, kafin 'yan dako su ɗaga buhun farko, sai ta kira Maraɗi tukuna ta ce, "Alhaji barka da asuba, ƙofa a buɗe take?"